Ranar da Jar Mota Ta Yi Casar Masara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata Binta, wadda bakina ba ya iya kiran sunanta saboda sunan mahaifiyata ta ci, sai dai in ce Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tunda ɗazu na jiyo ki a tsakar gida kina yi wa akuyar Hajiya maƙwabciyarmu faɗa. Allah Ya tsare ki a tafiyar da za ki yi Bauchi ranar Asabar, Ya sa ki fara aikin nan a sa'a, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Za ki yi mamakin takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Sau uku a makon nan ina kiranki don in faɗa miki magana, duk sau ukun sai in ƙare da tambayarki maganin murar kaji. Kaji kuwa ba ni da ko ɗaya, kin sani.

Shekaranjiya na ji kina gaya wa mahaifiyarki cewa in kin isa wurin aiki za ki ce musu ba ki iya tuƙi ba. Ta ce miki ai aikin likitan dabbobi na yawon rugage ne, kuma sun rubuta ƙarara cewa wanda za su ɗauka sai mai iya jan motar ofis. Kika ce in sun ga dama su ba wani gurbin, ke dai hannunki ba ya jituwa da mota tun ranar da kika karya ta Baba. Ina bayan labule ina shan koko, sai da ya sarƙe ni. Uwata, ba ke kika karya motar nan ba. Ni ne. Shekara shida ke nan ina barin ki da laifin, kuma ba zan zuba ido ya ci miki aikin da kika sha wahalar karatunsa ba. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki zo ki ce mini ba komai tun ban gama ba.

Tun a wurin saye na fara ɓata. Jar motar nan mai ƙofa biyu a Funtua na same ta, hannun wani tsohon injiniyan kamfanin gurzar auduga. Na tambaye shi dalilin sayarwa, ya ce gwiwoyinsa ne suka daina yarda da ita. Da ina da hankali da na sunkuya na dubi nawa gwiwoyin. Amma ina, idona yana kan dogon hancinta da kukan da take yi in an taka totur. Mota ce da aka ƙera wa samarin wata ƙasa mai titi sumul, ta girme ki da shekaru, cikinta na jan ƙasa, ko kashin shanu ya ɗan yi tudu sai ta gaishe shi. In zan shiga sai na cire hula, na tattare babbar riga, na fara tura mazaunai. In zan fita sai na dafa ƙasa da hannu. Ranar farko da na je da ita masallacin Juma'a wani bawan Allah ya ga na dafa ƙasa, ya ɗauka wani abu ya faɗi mini, ya durƙusa yana taya ni nema. Mahaifiyarki ta taɓa shiga da ɗaurin kallabi mai tsawo, ta fita da shi a kwance. Saboda haka in kin fara karɓar albashi kika ga abin da ya burge ki, ki tambayi kanki aikin da zai yi miki a gida da gona, ki bar tunanin abin da mutanen majalisa za su ce. Ni don majalisa na saya, kuma majalisar ba ta taɓa taya ni turi ba.

To ga abin da ya faru. Kakar shekarar da kika gama sakandare, na ɗauko hayar injin casar masara zuwa gonarmu ta hanyar Kafur. An tara masara tsibi guda, 'yan ƙwadago sun zo daga wajen Danja, an fara aiki ke nan injin da ke juya na'urar ya yi tari biyu ya mutu. Mai shi ya kwance wannan ya ɗaura wancan har azahar, shiru. Ga hadari ya taso daga gabas, irin ruwan ƙarshen damina da ba ya zuwa sai ya ga masara a fili. Ga mutum takwas zaune a inuwa suna cin abincina. Na dubi sama, na dubi masara, sai idona ya faɗa kan jar mota.

Kin san ita da ƙafafun baya take ja. Akwai wani tsohon wili marar taya da na tarar a but, wurin ajiye kaya na baya, tun ranar saye. Na sa aka ɗaga gefe ɗaya da jak, aka cire taya aka ɗaura wilin, aka tokare sauran ƙafafun da duwatsu, aka zaro bel daga mataccen injin aka rataya a wilin. Na cire hula na shiga, na sa giya ta biyu, na saki kuloci a hankali. Uwata, sai ga masara na zuba. Ban taɓa jin daɗin kaina irin na ranar ba. 'Yan ƙwadago na cewa ashe Alhaji injiniya ne, ni kuma ina ƙara taka totur don su ji kukan da kyau. Sai dai duk lokacin da suka cusa masara da yawa na'urar ta shaƙe, sai in ji injin motar ya yi tsalle a gabana, ya dawo ya zauna. Wajen la'asar na ji ƙwas, sandar giya ta zabura ta buge ni a gwiwa. Na san wani abu ya tsinke. Abin da na yi shi ne na ƙara muryar rediyo.

Bari in gaya miki abin da ya tsinke, tunda ke ma mota za ki riƙe. Inji ba a jikin ƙarfen mota yake ɗaure kai tsaye ba. Yana zaune ne a kan wasu robobi masu kauri, kowace a manne tsakanin ƙarfe biyu, makanikai na ce musu injin sit. A tawa guda biyu ne a gefen inji, ɗaya kuma ƙarƙashin giyabos. Su ke riƙe inji kada ya yi yawo, su ke shanye karkarwarsa kada ta iso ga mutum. Nawa dama sun tsufa sun tsattsage, casar masara kuwa ba ta cikin abin da aka yi su dominsa. Muka gama kafin ruwa ya sauko, na lallaɓo gida a giya ta ɗaya, na tsaya bakin rafi na wanke ƙaiƙayi tas. 'Yan ƙwadago suka koma garinsu washegari, mai injin casa kuwa ba ya so a ji cewa injinsa na mutuwa a gonar mutane, don haka maganar ba ta iso gari ba.

Da safe kika zo da fara'arki kika ce, “Baba, yau ranar koyonmu ce.” Wata uku ina koya miki a lokacin, kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce kin riga kin fi ni sauya giya. Ni in na sauya sai an ji a maƙwabta. Na san motar ba lafiya, amma in na ce a'a sai na kawo dalili, dalilin kuwa masara ce. Na miƙa miki makulli ina addu'a a zuci. Muka kai tudun rage gudu na bakin kasuwar Malumfashi, ranar kasuwa, kika rage, kika haye, kika sauya giya yadda ya kamata. Inji ya ɗaga kai tunda ba abin da ke riƙe shi, fanka ta ciji lagireto mai sanyaya inji, ruwa da tururi suka tashi. Mutane suka taru. Na dafa ƙasa na fito, na dubi taron nan, na ji kunya ta kama ni, sai na nemi inda zan sauke ta. Na ce da ƙarfi, “Ai ga irinta nan. Dama an ce mata ba su tuƙi, ni na ƙi ji. Kin karya mani mota.”

Ba ki yi kuka a wurin ba. Kika zare makulli, kika miƙo mini da hannu biyu, kika ce, “Ka yi haƙuri, Baba.” Haƙurin nan da kika ba ni har yau bai bar ni na huta ba.

Aikin da za ki je irin wannan zai same ki. Za a kawo miki saniyar da ta kwana uku tana cin abin da bai kamata ba, ki yi mata allura, ta faɗi a hannunki, mai ita ya ɗaga murya. Kada ki yi saurin karɓar laifi don kawai mai ɗora miki babba ne. Ki tambaya da ladabi me ta ci jiya, wa ya ba ta, ina ta kwana. In kuma ke ce babbar wata rana, kada ki huce kunyarki a kan wanda ba zai iya mayar miki da magana ba. Na gwada, ba ta hucewa.

Da shanun noma muka jawo motar gida, kin tuna, kina ɗaki kin rufe ƙofa. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya san cikin motar, Ɗan'azumi makanike, kuma shi ne mutumin da ba na so ya leƙa ta. Ɗan'azumi in ya ɗaga bonet yana iya gaya maka inda ka je makon jiya. Sai na cire lagireto na kai wa masu walda, na ce sauran aikin da kaina zan yi, ai an ce ni injiniya ne.

Kafin a cire injin sit sai an ɗan ɗaga injin sama. Na tura jak ƙarƙashinsa, daidai kaskon da baƙin mai ke taruwa, na fara bugawa. Ban sa katako a tsakani ba, ban ma san ana sawa ba. Bugu na bakwai kan jak ya huda kaskon, ni kuwa ina kwance a ƙasa ina leƙe, sanye da farar shaddar da na je ɗaurin aure da ita da safe, don na ga aikin minti goma ne bai kai a sauya kaya ba. Mahaifiyarki ta fito ta gan ni, ta tambaya ko Alhaji na nan. Uwata, in za ki ɗaga abu mai nauyi ki sa katako mai faɗi ya raba nauyin, kuma kada ki taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ni baƙin mai ne ya zubo mini, da injin ne da ba ki samu mai rubuta miki takarda ba.

Aka liƙe kasko. Na ciro tsohon injin sit na gefen hagu, ya rabe biyu a hannuna. Sabo sai an aika Kaduna ko Kano, kuma in an aika sai ta hannun Ɗan'azumi. Na ce roba ai roba ce. Akwai tsohuwar tayar tarakta a bayan rumbu, na yanko gunduwa uku da lauje, na huda su da jan ƙarfe, na jera, na zura dogon noti na ɗaure tamau. Na tayar da mota. Ta tashi, amma komai nata ya tashi tare da ita. Madubi na rawa, ƙofa na rawa, haƙorana na haɗuwa. In na gaida mutum a hanya sai ya tambaye ni ko zazzaɓi nake. Ranar da abin ya ƙare ita ce ranar da mahaifiyarki ta aike ni Kafur in karɓo mata kindirmo a wurin ƙawarta. Na ajiye ƙwaryar a kujerar gefe, na ɗaure bakinta da kyau. Ko da na iso gida ta buɗe, sai ga man shanu ya taso curi guda yana yawo a kan tsala. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce in dai haka ne gobe ma in koma, man ya fi tsada. Ashe robar injin sit da gangan ake yinta da ɗan taushi. In ta yi tauri da yawa ba ta shanye komai, duk abin da inji ya ji sai ta miƙa wa na cikin mota. Ki riƙe wannan in an ba ki mutane a ƙarƙashinki: ba kowane faɗan da shugaba ya yi miki za ki kwasa ki juye musu ba.

Dole na kai wa Ɗan'azumi. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallon tayar tarakta. Ya zagaya baya, ya buɗe but, ya ɗauko wilin nan ya shafa inda bel ya goge shi har yana ƙyalli. Ya kwanta ƙarƙashi, ya zura hannu bayan salansa, ya fito da totuwa guda. Ya miƙo mini ita da ladabi.

Ya ce, “Alhaji, buhu nawa ta yi?”

Na ce, “Mi kake nufi?”

Ya ce, “Ba komi. Na ji an ce yarinya ta karya ta wurin sauya giya. Allah Ya kyauta. Yaran yanzu har masara suke shukawa ƙarƙashin mota.”

Na ce masa ya yi aikinsa. Bai gaya wa kowa ba, Allah Ya saka masa. Amma shekara shida ke nan duk inda muka haɗu, ko da tsakiyar bazara ne, gaisuwarsa ɗaya ce: “Alhaji, ya casa?” Mutane na ɗauka rikicewa ce ta tsufa.

Ko a nan ban daina wauta ba. Ya ce a sauya duka ukun, tunda tare suka tsufa tare suka sha wahala. Na ce na hagu ne ya tsinke, shi kaɗai za a taɓa. Ya ce to. Mako biyu sabon ya tsaya ƙyam, tsofaffin suka ɗauki duk jijjigar, na dama ya tsinke mini a hanyar Danja, na dawo a bayan motar tumatir. Karo na biyu na zauna a kan benci na rufe bakina ina kallo. Ya sa katako, ya ɗaga inji kaɗan kawai, yana duba kada tiyo ko waya ta ja. Ya sa sababbin, ya ɗaura notina da yatsa, sako-sako. Na kasa haƙuri na ce ya ɗaure mana. Ya ce, “Alhaji, bari shi zauna tukuna. In ka ɗaure shi yana sama, a murɗe robar za ta kwana, wata uku ta yage.” Ya sauke jak a hankali, ya girgiza injin da hannu har ya samu mazauninsa, sannan ya ɗauki sufana ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ke ma in kin isa Bauchi kada ki yanke wa kowa hukunci a makon farko, kada ki ƙulla ƙawance, kada ki ƙulla gaba. Ki bari ki zauna tukuna.

Mota ta gyaru tun shekarar. Abin da ban gyara ba shi ne ke. Na ga kin daina zama gaba, na ga ko makulli aka ce ki miƙo sai ki riƙe shi da bakin yatsa. Kowace shekara ina cewa in an yi sallah zan faɗa miki, in an yi sallah in ce sai kin gama jarrabawa. Da kika tafi jami'a na ce ai ta manta. Na fi son in yarda kin manta, domin hakan ya fi mini sauƙi. Wannan ya fi casar muni, don ita casar rana ɗaya na yi ta, kuma hadari ne ya kore ni. Shirun ba abin da ya kore ni. In kin yi wa wani ba daidai ba ki faɗa da wuri, tun maganar tana ƙarama.

Tunda a gaban mutane na kunyata ki, na ga bai dace in wanke ki a ɓoye ba. Jiya bayan la'asar na je majalisarmu ta bakin kasuwa, kusa da tudun nan, na sa aka kira Ɗan'azumi, na ba da labarin tun daga hadari har totuwa. An yi dariya har mai shayi ya zubar da madara. Wani ya tambaya ko ina ba da hayarta bana, yana da dawa. Na bari suka gama, sannan na ce musu maganar da na faɗa a wurin nan cewa mata ba su tuƙi ƙarya ce na yi don in rufe kunyata, kuma ɗiyata ta fi ni hannu. Ɗan'azumi ya ce shi shaida ne, don shi ke sauya mini kuloci.

Da na dawo na gaya wa mahaifiyarki. Ta ce dama ta daɗe tana mamakin yadda aka yi wata guda tana tsintar ƙwayar masara a takalminta duk ranar da ta shiga motar. Ta yi dariya har da hawaye, sai kuma ta tsaya cak. Ta ce, “Alhaji, ba ni za ka faɗa mawa ba.” Shi ya sa na nemi biro.

Ban ce ki tafi da jar mota Bauchi ba, ba za ta kai ruga ko ɗaya ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kwana uku suka rage mana kafin ranar tafiyarki. Gobe in an karya kumallo za ki same ta a ƙofar gida, Ɗan'azumi ya duba ta ciki da waje, makulli na jiki. Ki kai ni Funtua ki dawo da ni, ta bakin kasuwa, ta kan tudun nan. Jibi ma haka, gata ma haka. Ni zan zauna a kujerar mai zaman banza, kuma na yi alkawari ba zan ce uffan ba, ko da kin sa giya ta uku a inda ni zan sa ta biyu. In kin gaji ki tsaya ki huta, ba inda muke sauri. In kin isa wurin aiki suka tambaye ki ko kin iya tuƙi, ki ce musu kin iya, don gaskiya ce tun kina 'yar shekara goma sha takwas.

Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum da na ƙahon saniya. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya sa duk dabbar da kika taɓa ta tashi. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira, Ya dawo mana da ke lafiya.

Ranar nan a bakin kasuwa ke kika ba ni haƙuri, alhali ni ya kamata in ba ki. Ki yi haƙuri, Uwata. Ki yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Lawal